Makarɓan Saƙo a Ƙodar Tayi da ta Babba, a Mutum da Dabba: Tambayoyi da Amsoshi

Mene ne makarɓin saƙo, kuma me ake nufi idan aka ce ƙwayar gadonsa tana a kunne?

Jikin mutum an gina shi da ƙananan ɗakunan rai waɗanda masana ke kira sel, kuma kowane sel yana lulluɓe da wani siririn tantani da ya raba cikinsa da waje. A jikin wannan tantani akwai wasu furotin da ke tsaye kamar masu gadin ƙofa, rabin kowannensu yana leƙen waje, ɗaya rabin yana ciki. Idan wani sinadari mai ɗauke da umarni ya iso, kamar homon da jini ya kawo ko furotin da sel na maƙwabtaka ya saki, sai ya manne wa mai gadin da ya dace da shi, shi kuma ya isar da labari ciki. Waɗannan masu gadi su ne makarɓan saƙo.

Kowane makarɓi yana da ƙwayar gadon da ke ɗauke da tsarin ƙera shi. Mutum yana da ƙwayoyin gado masu ƙera furotin kusan 20,000, kuma kusan duk sel na jikinsa yana ɗauke da su cif, sai dai ba duka yake karantawa ba. Wadda sel ya buɗe ya kwafe ta zuwa RNA, wato sinadarin da ke ɗauke da kwafin umarninta, domin a ƙera furotin da ita, ita ce ake cewa tana a kunne. Saƙo yana iya cika jini, amma sel ɗin da bai ƙera makarɓinsa ba kurma ne a kansa.

Me ya sa ake ba ƙoda muhimmanci na musamman a wannan bincike?

Saboda ƙoda gaɓa ce da kusan duk aikinta ya rataya a kan sauraron umarni. Ƙodoji biyu na babban mutum suna tace kimanin lita 180 na ruwan jini a kowace rana, su mayar da kusan dukansa, su fitar da lita ɗaya zuwa biyu a matsayin fitsari. Yawan gishirin da za a riƙe, da yawan ruwan da za a saki, da ƙarfin bugun jinin da ke shiga matatar, duk saƙonni ne ke daidaita su. Ga shi kuma kowace ƙoda ta ƙunshi ƙananan injinan tacewa da ake kira nefron, kusan miliyan ɗaya a matsakaicin lissafi, kowannensu yana farawa da dunƙulen jijiyoyin tacewa, sannan ya bi da dogon bututu mai sassa dabam-dabam. Kowane sashe yana da makarɓan da suka keɓanta da shi, shi ya sa maganin da ke aiki a farkon bututun yake iya wucewa ta ƙarshensa ba tare da ya taɓa komai ba.

Yaya ƙodar tayi take ginuwa, kuma ina rawar makarɓa a ciki?

Tayin mutum yakan yi ƙoda sau uku. Ta farko tana bayyana a mako na 4 ta shuɗe ba ta yi wani aiki ba, ta biyu ta yi aiki na ɗan lokaci, ta uku kuwa, wadda ke farawa a mako na 5, ita ce za a rayu da ita. Wannan ta uku tana samuwa ne daga zance tsakanin nama iri biyu: wani ɗan toho da ke fitowa daga bututun da ya riga ya wanzu, da kuma wani curin sel marasa siffa da ke kusa da shi. Tun a shekarun 1950 Clifford Grobstein ya nuna a Amurka cewa idan aka raba waɗannan biyun a cikin faranti, babu wanda ke ci gaba, amma idan aka haɗa su, ko da da siririyar rariya a tsakani, ginin yana tafiya. An san akwai magana a tsakaninsu tun kafin a san kalmomin.

Kalma mafi girma da aka gano ita ce GDNF, furotin da curin ke saki, da makarɓinsa RET wanda ke kan tohon, tare da mataimakinsa GFRA1. A 1994 ɗakin binciken Frank Costantini a Jami'ar Columbia ya samar da ɓerayen da aka kashe musu ƙwayar gadon RET, sai aka haife su ba ƙoda ko da guntuwar ƙoda mara amfani, hanjinsu kuma babu jijiyoyin da ke motsa shi. A 1996 aka ga kusan irin wannan sakamako a ɓerayen da ba su da GDNF. Abin burgewa shi ne yadda RET ke ƙaura: da farko yana shimfiɗe a tsawon bututun, amma da zarar toho ya fara rassa sai ya tattare a bakin kowane reshe, inda ake buƙatar tsiro, ya mutu a gangar jikin reshen da ya riga ya tsaya. Haka itacen ke ta rabuwa biyu-biyu, kowane baki yana jawo sel na kusa su zama sabon nefron.

Akwai wasu makarɓan da ke da nasu aiki. ROBO2 yana hana toho fitowa a wurin da bai dace ba, ɓerayen da suka rasa shi kuwa sukan fito da bututun fitsari fiye da ɗaya a gefe guda. NOTCH2 yana taimaka wa sabon nefron ya tsara sassansa, kuma matsala a wannan hanya tana cikin abin da ke jawo ciwon Alagille, wanda ke taɓa hanta da zuciya, sau da yawa har da ƙoda. Sel masu ƙafafu da ke rungume da dunƙulen tacewa, waɗanda ake kira fodosait, suna sakin VEGF domin kiran sel na jijiyoyin jini masu ɗauke da makarɓin VEGFR2 su shigo su zauna.

Idan an gama ginin, makarɓan gini suna ɓacewa ne gaba ɗaya?

Wasu suna yin shiru, wasu suna canza aiki. RET yana raguwa ƙwarai idan rassa suka daina fita. AT2, ɗaya daga makarɓan angiotensin, wato homon da ke matse jijiyoyin jini, yana da yawa a naman tayi, sannan ya yi ƙasa sosai bayan haihuwa, yayin da ɗan'uwansa AT1 ya zama babban mai riƙe da ragamar hawan jini da gishiri. Zancen VEGF kuwa ba ya yankewa har tsufa. An tabbatar da haka ta hanya mai ɗaci, lokacin da masu ciwon daji da aka ba su maganin toshe VEGF, irin su bevacizumab, suka fara zubar da furotin a fitsari tare da hawan jini, domin matatar tana buƙatar wannan saƙo kullum kafin ta ci gaba da zama lafiya.

Sannan akwai waɗanda ke kwance sai an ji rauni su farka. KIM-1, wanda ƙungiyar Joseph Bonventre ta bayyana a Boston a 1998, da ƙyar ake ganinsa a lafiyayyar ƙoda, amma idan farkon bututu ya lalace saboda ƙarancin jini ko guba, sai ya cika saman sel, yana taimaka musu su haɗiye gawarwakin 'yan'uwansu. Guntunsa yana faɗawa cikin fitsari, don haka ake auna shi a matsayin alamar rauni.

Waɗanne makarɓa ne suka fi aiki a ƙodar babba?

Biyu sun isa misali. Na farko shi ne megalin, ƙaton furotin da ke jere a farkon bututun nefron tare da abokinsa kubilin. Aikinsu tsintar abin da ya kuɓuce wa matata, kamar ƙananan furotin da masu ɗaukar bitamin, su mayar da su jiki. Amma megalin ba ya tantance baƙo. Ta ƙofarsa maganin gentamicin ke shiga sel ya taru, abin da ya sa wannan allura mai araha, wadda ake yawan amfani da ita a asibitocinmu, take iya lahanta ƙoda idan aka yi ta yi ba tare da lura da adadi da tsawon kwanaki ba.

Na biyu shi ne V2, makarɓin homon ɗin basofiresin, wanda ke ƙarshen hanya, a bututun tattara fitsari. Idan ƙishirwa ta kama mutum, kamar mai azumi a tsakiyar bazara, ƙwaƙwalwa tana sakin wannan homon, V2 ya karɓa, sel ya jera ƙofofin ruwa masu suna akwaforin-2 a samansa, ruwa ya koma jini, fitsari ya yi kaɗan ya yi duhu. An gano ƙwayar gadon V2 a 1992, kuma tana kan kuromosom X, shi ya sa ciwon da lalacewarta ke jawowa ya fi kama yara maza: jariri ya yi ta fitsari mai yawa kamar ruwa, ya yi ta bushewa duk da shan da yake yi. A ɗaya gefen kuma, maganin tolvaptan da ke toshe V2 ya sami amincewa a Amurka a 2018 domin rage saurin girman ƙurajen ruwa a wani ciwon ƙoda na gado. Jariri sabon haihuwa, ko da lafiyarsa ƙalau, bai kai babba iya kaurara fitsari ba, kusan rabin ƙarfin babba yake da shi, kuma wannan na daga cikin dalilan da gudawa ke saurin busar da shi.

Me ya sa ake hana mai juna biyu wasu magungunan hawan jini?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kusa da rayuwar yau da kullum. Magunguna irin su lisinopril da captopril suna hana a ƙera angiotensin, irin su losartan kuma suna toshe makarɓinsa AT1. A jikin babba hakan alheri ne, domin yana sauke hawan jini yana kuma kare ƙodar mai ciwon suga. A jikin tayi kuwa wannan hanya ce ke tabbatar da cewa jini yana isa ƙodar da ake ginawa. Idan aka toshe ta, musamman daga wata na huɗu zuwa sama, bututun nefron ba sa nuna yadda ya kamata, fitsarin tayi ya ragu, ruwan da yake kwance a ciki ya ƙafe tunda yawancinsa fitsarinsa ne, huhunsa kuma ya kasa buɗewa. A 2005 masu bincike a Faransa suka nuna cewa jariran da aka haifa da lalacewar ƙwayar gadon AT1, ko ta sinadaran da ke gabanta a wannan hanya, suna zuwa da irin wannan lahani ko da uwa ba ta sha komai ba. Don haka matar da ke shan waɗannan magunguna ya kamata ta sanar da likita tun tana shirin ɗaukar ciki, a musanya mata da wanda ya dace, ba ta dakatar da magani da kanta ba.

Ƙodar ɓera da ta mutum iri ɗaya ce?

A tsarin gini sun yi kama sosai, a girma da lokaci kuwa tazarar tana da faɗi. Ƙodar ƙaramin ɓeran bincike tana fara toho a wajen kwana na 11 na cikin da bai wuce kwana 20 ba, tana ɗauke da nefron dubu goma sha wani abu, kuma tana ci gaba da ƙera sababbi har kwanaki kaɗan bayan haihuwa. Ta mutum tana ɗaukar kusan mako 30 tana wannan aiki, ta tsaya a wajen mako na 36, kuma daga nan ba a ƙara ko ɗaya har mutuwa. Mafi yawan nefron ana yin su ne a watanni uku na ƙarshe, shi ya sa bakwaini da jaririn da aka haifa da ƙarancin nauyi sukan fara rayuwa da ƙarancin nefron. Barry Brenner ya kawo hasashen a 1988 cewa wannan ƙaranci yana share fagen hawan jini a girma, kuma binciken da ya biyo baya ya ƙarfafa shi. Kifi kuwa nasa dabam ne. Ɗan kifin zebra yana rayuwa da nefron biyu kacal a kwanakinsa na farko, babbansa kuma yana iya ƙera sababbin nefron bayan rauni, abin da dabba mai shayarwa ba ta iyawa.

A matakin makarɓa ma akwai saɓani. Ɓera yana da ƙwayoyin gado biyu na AT1, mutum yana da ɗaya. Makarɓin ACE2, wanda ke da yawa a farkon bututun nefron kuma ƙwayar cutar korona ke bi ta kansa, ya ɗan bambanta a ɓera har ƙwayar farko ta 2020 ba ta iya kama shi sosai, sai da aka koma ga ɓerayen da aka dasa musu na mutum.

Akwai lokacin da dabbar gwaji ta ɓatar da masu bincike?

Akwai, kuma labarin ya ɗauki shekara hamsin. A 1959 Walter Heymann, likitan yara a Cleveland, ya yi wa ɓeraye irin manya, waɗanda ake kira rat a Turanci, allurar niƙaƙƙen naman ƙoda, sai suka kamu da ciwon da ya yi kama da wani ciwon mutane, inda garkuwar jiki ke kai wa matatar hari, furotin ya malale cikin fitsari, ƙafafu da fuska su kumbura. A 1982 Dontscho Kerjaschki da Marilyn Farquhar suka gano abin da garkuwar ɓeran ke hara, wato furotin da daga baya aka sa wa suna megalin. Sai aka juya ga mutane ana neman irin wannan, aka rasa. Dalilin shi ne fodosait na babban ɓera yana ɗauke da megalin a samansa, na mutum kuwa ba ya ɗauke da shi yadda zai bayyana ciwon, duk da cewa megalin yana nan birjik a bututun mutum, ɗan nesa kaɗan da wurin.

Sai a 2009 Laurence Beck da David Salant suka sanar daga Boston cewa a kusan kashi 70 cikin 100 na masu wannan ciwo, abin da ake hara wani makarɓi ne dabam mai suna PLA2R. Da aka waiwayi ɓera, sai aka tarar fodosait ɗinsa ba ya kunna PLA2R. Wato babu yadda za a yi a gano shi daga ɓera, komai ƙwazon mai nema. Duk da haka zalunci ne a ce aikin Heymann ya tafi a banza, domin daga ɓeransa aka koyi yadda harin ke aukuwa a wurin da yadda yake huda matata. Hanyar ta yi daidai, sunan wanda ake hara ne ya saɓa. Yau gwajin jini na neman sojojin garkuwa masu harin PLA2R yana taimaka wa likita ya gane ciwon ya kuma bi diddigin magani, wani lokaci ba tare da an yanko tsokar ƙoda ba.

Ta yaya ake sanin makarɓin da ke a kunne a wani sel?

A da ana niƙa tsokar ƙoda gaba ɗaya a auna RNA da ke ciki, wanda ya yi kama da a zuba hatsin kasuwa duka a turmi ɗaya sannan a tambayi wane ɗan kasuwa ya kawo gero. Daga baya aka sami hanyar rina yankakken nama domin a ga inda saƙon yake zaune, kuma shirin GUDMAP ya tara dubban irin waɗannan hotuna na ƙodar ɓera mai tasowa. Babban sauyi ya zo da karanta RNA na kowane sel shi kaɗai. A 2018 ƙungiyar Katalin Susztak a Jami'ar Pennsylvania ta karanta sel sama da 57,000 na ƙodar ɓera, a shekarar 2018 ɗin kuma ƙungiyar Andrew McMahon a Los Angeles ta jera ƙodar tayin mutum da ta ɓera mataki-mataki, ta nuna inda suka dace da inda suka rabu.

Sai dai makarɓa suna da wuyar sha'ani a wannan fasaha. Da yawansu, musamman na babban dangin GPCR mai mambobi kusan 800 a jikin mutum, ana ƙera su ne da kwafi kaɗan ƙwarai, har injin ya tsallake su ya rubuta sifili. Rashin ganinsu a jadawali ba hujja ba ce cewa babu su. Haka kuma samun RNA ba ya tabbatar da cewa furotin ya kai saman sel yana aiki, ga shi rinin da ake neman furotin na GPCR da shi ya yi ƙaurin suna wajen manne wa abin da ba shi aka aike shi ba. Ko raba sel daga nama da ake yi kafin a karanta su yana firgita su su kunna ƙwayoyin gadon da ba su kunna ba suna cikin jiki. Mai karanta irin waɗannan rahotanni zai yi kyau ya duba ko an tabbatar da sakamakon ta hanya ta biyu.

Gaskiya ne cewa ƙoda tana da makarɓan ƙamshi?

Gaskiya ne, ko da yake ba sansanar komai take yi ba. Jennifer Pluznick da abokan aikinta sun nuna a 2013 cewa wani makarɓi daga dangin na hanci, Olfr78, yana zaune a sel masu sakin renin, sinadarin da ke fara ƙera angiotensin, a ƙodar ɓera, yana amsa ƙananan sinadaran da ƙwayoyin bakteriya na hanji ke samarwa idan sun narka harzar abinci, kuma hakan yana taɓa hawan jini. Takwaransa a mutum shi ne OR51E2. A nan ma sai an yi hattara wajen kwatance, domin ɓera yana da ƙwayoyin gadon ƙamshi masu aiki sama da 1,000, mutum kuwa kusan 400 ne, don haka da yawa daga cikin na ɓera ba su da takwara a jikinmu.

Shin ƙodar da ake shukawa a ɗakin bincike za ta maye gurbin dabbobin gwaji?

Tsakanin 2014 da 2015 ƙungiyoyin Ryuichi Nishinakamura a Japan, da Melissa Little a Ostireliya, da Bonventre a Amurka suka nuna yadda za a ɗauki sel na mutum da aka mayar da su yarinta, a riƙa ba su saƙonnin gini bi da bi, har su dunƙule su zama ɗan curi mai ɗauke da nefron. Wannan nasara ta dogara kacokan a kan sanin wane makarɓi ke buɗe a wace rana, ilimin da aka samo daga ɓera da kwaɗo da kaza. Amfaninta shi ne makarɓan da ke jikin curin na mutum ne. Iyakarta kuma ita ce curin ya fi kama da ƙodar tayi ta watannin farko, jini ba ya gudana a cikinsa, ba shi da hanyar fitar da fitsari, kuma makarɓan da ke zuwa da girma ba su gama bayyana a jikinsa ba. Wanda ke son sanin yadda tayi ke tsara nefron zai ƙaru da shi ƙwarai, amma wanda ke son gwada maganin hawan jini na dattijo ɗan shekara 60 har yanzu sai ya haɗa da dabba mai rai da kuma tsokar ƙodar da aka ciro daga marasa lafiya da izininsu.